Rediyon Bai Stamen

Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna zama a kan katako ɗaya, mu uku, a layi na sha ɗaya na tsohon filin ƙwallo na Staklar. Ni a hagu, Lazar a dama, Stamen a tsakiya. Ba wanda ya raba mana wuraren. Ranar farko haka muka zauna, ƙungiyarmu ta ci wasa, shi ke nan ba wanda ya ƙara yarda a sauya. Dukanmu a masana'antar gilashi muka yi aiki har ta rufe: Lazar yana tuƙa babbar mota, Stamen yana ofishin awo, ni ina bakin tanderu.

Ranar wasa kowa da aikinsa. Lazar ne mai zagin alƙalin wasa. Ni ne mai sayo semki, wato soyayyun 'ya'yan furen rana, wajen matar da ke bakin ƙofa, ƙunshi uku a takardar jarida, mu yi ta ɓarewa da haƙori muna tofar da ɓawon tsakanin ƙafafunmu. Stamen kuwa rediyo ce aikinsa, wata 'yar baƙa da ba ta wuce tafin hannu ba, an ɗaure murfin batirinta da roba. Da can sai an tafi hutun rabin lokaci yake kunna ta, mu ji yadda ake ciki a sauran garuruwa. Amma a shekaru shida na ƙarshe, tun daga busar farko har ta tashi tana manne a kunnensa na hagu, wato ta gefena. Saboda haka ni ma na sha rabona na Farfesa.

Gerchev ne sunan Farfesa, shi ne mai sharhin wasanni a gidan rediyon garinmu. Bai taɓa koyar da kowa komai ba. Sunan ya bi shi ne saboda ko jifa aka samu sai ya kawo tarihin jifa. Yana iya barin ɗan wasa a guje da ƙwallo ya tafi Italiya ya yi minti biyu yana bayanin yadda suke tsare gida a can.

"Kai Farfesa, ina ƙwallon take?" Haka Stamen zai daka wa rediyon tsawa. "Wa ke riƙe da ita? Wa ya aike ka Italiya?"

"Ga ta nan a gabanka, tsoho," in ji Lazar. "Kashe wannan tarkacen ka yi kallo kamar kowa."

"Bar ni. So nake in ji iyakar ƙaryarsa."

Duk ranar Litinin kuma Farfesa yana buɗe layi ga masu saurare, kuma duk Litinin sai Stamen ya buga. Har Farfesa ya san muryarsa, yana kiransa Bai Stamen, kamar a ce Baba Stamen. "To, ga Bai Stamen nan daga Unguwar Gilashi, bari mu ji laifina na wannan mako." Laifin kuwa kullum ɗaya ne. "Aikinka ka faɗi inda ƙwallo take, ba inda ya kamata ta kasance ba." Mutanen gari suna dariya. Mu ma muna dariya. Mun ɗauka ra'ayi ne irin na 'yan kallo, kamar yadda Lazar ya yi imani duk alƙalin da ya fito daga babban birni ɓarawo ne.

Tsohon filin ba abin alfahari ba ne. Rufin kwano ya rufe rabin benci kawai, ya bar rabi ga ruwan sama. Banɗaki kuwa gara kada a yi maganarsa. Amma fili ne mai magana. Idan namu suka taso ta gefe, katakon da ke ƙarƙashinka ne zai fara gaya maka, saboda mutanen ƙasa sun soma buga ƙafa. Idan ƙwallo ta wuce gefen raga ta kudu sai ta daki kwanon talla, gwaram. Ta arewa kuwa bangon ma'ajiyar jirgin ƙasa ne, ƙararsa daban. A gindin wannan bangon ake ajiye magoya bayan baƙi, can nesa, ba rufi a kansu, duk ihun da suka yi iska ce ke fara cinye rabinsa kafin ya iso mana.

Da aka gama sabon fili a bayan gari, kusa da babbar hanya, muka yi wata guda muna gardama a shagon kofi.

"Kujera mai majingina," in ji Lazar yana lissafawa da yatsu. "Rufi ko'ina. Banɗaki mai ƙofa, Stamen, mai ƙofa! Ka san rabona da in sha giya kafin wasa ba tare da fargaba ba?"

"An hana semki," in ji Stamen.

"To sai me? Haƙora nawa suka rage maka?"

"Filin da ba a tofar da ɓawo asibiti ne. Kuma ka ji abin da Farfesa ya ce? Wai sabon ƙarni ya iso garinmu. Duk abin da Farfesa ya yaba, ka bincika."

Lazar ya juyo gare ni. "Petko, kai me ka ce?"

Na ce ban gan shi ba tukuna.

"Ka ji shi. Shekara arba'in ana jiran ra'ayin Petko, har yau yana kan hanya."

Duk da haka muka sayi tikitin kakar wasa guda, kujeru uku a jere, kuma Lazar ya nace sai an ba mu layi na sha ɗaya.

Asabar ɗin farko muka hau bas mai lamba bakwai. Ƙungiyar 'yan bakin kogi ce ta zo, waɗanda muka fi tsana. A bakin ƙofa babu mai yage tikiti, wani ƙarfe ne mai juyawa da ɗan gilashi da ake nuna wa katin. Stamen ya miƙo mini nasa. "Yi mini, hannuna ya yi sanyi." Watan takwas ne, zufa muke yi. Na karɓa na nuna wa gilashin. Da muka fara hawa matakala sai ya kama hannun rigata kamar mai shirin gaya mini wani sirri, ya yi ta ba ni labarin wani gola da ya mutu tun tuni, bai sake ni ba sai da muka zauna.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ciyawa kamar an shafa fenti. Kujeru shuɗɗa dubu takwas, kowace kamar 'yar'uwarta. A gabanmu wani allo mai girman gida yana nuna lokaci da sakamako. Lasifika tana ta kiɗa har cikin ƙirji.

Stamen ya fito da rediyonsa ya kunna. Shuuu. Ya murɗa, ya ja ɗan ƙarfen eriya, ya juya ta gabas ya juya ta yamma. Shuuu. Rufin nan na ƙarfe da siminti ya kashe ta ɗungurungum.

"Alhamdu lillahi," in ji Lazar. "Ko don wannan kaɗai kuɗin ginin ya halatta." Amma da ya ga fuskar Stamen sai ya ciro wayarsa. "Ungo, ga Farfesan naka a nan, kada ka yi kuka."

Stamen ya kara wayar a kunne. Ba a jima ba ya mayar masa. Muryar da ke cikin waya tana baya da kusan rabin minti. Ana bugun kwana a gabanmu, Farfesa yana can tsakiyar fili.

A sabon filin ba a kai baƙi nesa ba. An ba su kusurwar da ke hagunmu, ƙarƙashin rufi ɗaya da mu. Ba su fi ɗari huɗu ba, amma rufin yana tattara muryarsu ya zubo mana ita a ka.

Minti na talatin da ɗaya, ɗan bayanmu ya zame, ɗan gabansu ya wuce, ya saka ta a raga. Kusurwar hagu ta fashe da ihu, rufin ya ninka shi sau goma.

Stamen ya miƙe tsaye, hannu biyu sama, yana ihu da dukan ƙarfinsa. "Ta shiga! Ta shiga!"

Shi kaɗai ne a tsaye cikin mutum dubu bakwai. Sai da ya yi ihun sau uku kafin ya ji shirun da ke kewaye da shi. Na ga hannayensa suna saukowa a hankali.

"Kai dattijo, lafiyarka?" in ji wani daga baya. "In nasu ne kai, ga hanya can!"

"Ya sha ne," in ji wani. "Tun da rana!"

Wani ya jefo kofin takarda, ya daki kafaɗarsa. Lazar ya miƙe ya juya, wuyansa ya yi ja. "Wa ya jefa? Ba'a yake yi wa 'yan bayanmu, jakai! Wannan mutumin yana zuwa kallo tun ubanku bai san hanyar gidan uwarku ba!"

"Ba'a ce mana," in ji Stamen, murya ƙasa-ƙasa. "Irin wannan tsaron gida ai sai da tafi." Ya zauna. Ya sa rediyon a aljihu, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.

Daga nan ban ƙara kallon wasan ba, shi na kalla. Na ga kansa ba ya bin ƙwallo, ƙara yake bi, kuma a makare. Na ga yadda yake ɗan karkatar da fuska, yana duban fili ta wutsiyar ido, abin da na daɗe ina gani ina cewa tsufa ne. Can wajen ƙarshe ya sunkuyo ya tambaye ni, "Minti nawa ya rage?" Allon nan mai girman gida yana gabansa, lambobin sun fi mutum tsawo.

Na ce, "Bakwai."

An ci mu ɗaya da nema. A bas Lazar ya yi ta zagin koci, Stamen yana ta kallon taga.

Ranar Litinin ina yanka tumatir a kicin na ji Farfesa ya ce, "Ga Bai Stamen nan. Yau kam ba ka da abin cewa, an ce rediyo ba ta kamawa a ciki."

"Ba kai na zo wa ba yau," in ji muryar Stamen. "Na bugo ne in ce ku riƙe filinku. Wannan ba filin ƙwallo ba ne, kantin zamani ne da aka shuka wa ciyawa. Kiɗa kamar gidan biki. An ɗora mana baƙi a ka. Mutum ba ya jin ƙafar ɗan wasa, ba ya jin komai. Shekara arba'in da ɗaya ban fasa wasan gida ba, ko ranar da aka haifi 'yata. Na gama. Wanda ke son kujerata ya je ya ɗauka, layi na sha ɗaya."

"Haba Bai Stamen, ai ci gaba haka yake, da farko yana matsa ƙafa kamar sabon takalmi. Ko a Italiya..."

Stamen ya kashe wayar.

Ba a yi minti biyar ba Lazar ya kira ni. "Ka ji mahaukacin nan? Saboda semki! Saboda an jefe shi da kofin takarda! Je ka yi masa magana, ni in na je zan shaƙe shi."

Ban je ba sai ranar Alhamis. Kwana ukun nan tunani na yi, kuma abin da na yi ta tunawa tsoho ne.

Ni sai da na kai shekara arba'in da uku na iya karatu. A kan dutse na tashi ina bin tumaki, makarantar da aka rubuta sunana a cikinta ba ta gan ni sau ashirin ba. A masana'anta na iya zana sunana, na iya lambobi, sauran kuwa dabara ce: na manta tabarau, hannuna da datti, karanta mini. A tsohon fili akwai allon katako da ake rubuta sunayen 'yan wasa da alli, ana kuma raba wata 'yar takarda mai labarin ƙungiya. Kowa yana dubawa yana magana, ni ina riƙe da tawa ina gyaɗa kai. Tun a shekarar farko Stamen ya ɗauki wata ɗabi'a. Da mun zauna sai ya ɗaga takardar ya ce, "Ku ji shirmen da suka rubuta yau," ya karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, yana tsaki a kowane layi. Sannan ya bi allon suna bayan suna, yana zagin kowa daidai gwargwado. Lazar yana cewa, "Muna da ido, malam." Shi kuwa bai fasa ba, shekara goma sha tara. Satin da na gama ajin yamma na manya, na zauna na karanta allon da kaina, leɓena yana motsi. Stamen ya dube ni sau ɗaya. Daga ranar bai sake karanta takardar da ƙarfi ba, kuma har yau maganar ba ta taɓa haɗa mu ba.

Todorka, matarsa, ita ta buɗe mini ƙofar gida. Ta dube ni, ta goge hannu a zanin girkinta.

"Ka gane ko?"

"Na gane."

"Tsakiyar idon ce ta tafi, duka biyun. Gefe-gefe kawai yake gani. Shekara shida ke nan, likita ya ce ba ta dawowa." Ta rage murya. "Ban gaya maka komai ba."

Yana bayan gida ƙarƙashin rumfar inabi, rediyon tana kan tebur a kashe. Jaridun mako suna gefe a ninke yadda aka kawo su. Na ajiye ƙunshin semki a gabansa, ya lalubo shi da hannu ɗaya ba tare da ya duba ba.

"Lazar ne ya aiko ka."

"Shi ne."

"To ka gaya masa ka zo."

Muka yi ta ɓare semki. Todorka ta kawo kofi da banitsa, gurasar cuku, ta koma. Ni ba gwanin fara magana ba ne, shi kuma ya san haka, ya bar ni da nauyina. Sai da kofin ya huce na ce, "Ina so in gwada wani abu. Na daɗe ina jin Farfesa ta kunnenka. Ina ganin zan fi shi."

"Kai?" Ya yi wata 'yar dariya. "Kai da kalmominka na shekara ba su cika kofin nan ba?"

"Shi ya sa ba zan je Italiya ba. Inda ƙwallo take kawai zan faɗa. Amma ina bukatar wanda ya iya zagin mai sharhi, in ba haka ba ba zan san ko ina yi daidai ba."

Ya daina tauna. Ya juya fuska gefe, yadda yake yi idan yana son ganin mutum sosai.

"Todorka ce ta gaya maka."

"Allon ne. Ka tambaye ni lokaci."

Wata mota ta wuce a titi. Sannan ya ce, "Na yi wa 'yan bakin kogi murna, Petko. A gaban gari duka. Ka san abin da na ji? Ihun ya zo da ƙarfi, daga kusa, daga sama. Shekara arba'in duk ihun da ya zo haka namu ne." Ya murza ɓawon da ke hannunsa. "A tsohon fili ba na bukatar kowa. Katako yana gaya mini, kwano yana gaya mini, ɗan abin da ya rage wancan sakaran Farfesa yana cikewa in ya ga dama. Yanzu so kake a riƙa jan hannuna kamar akuya, ana raɗa mini a kunne, mutane suna cewa Allah sarki? Ba na so."

Na ce, "Shekara goma sha tara kana karanta mini takardar nan."

"Ni? Zaginsu nake yi."

"Ni ma zaginsu zan yi."

Ya ɗauki kofinsa, ya tarar ba komai a ciki, ya ajiye.

"Lazar fa?"

"Lazar ba ya jin kowa sai kansa."

"Ban ce zan zo ba," in ji shi.

"Bas na ƙarfe uku," na ce, na tashi.

Wasan gida na gaba saura kwana tara. Na yi su ina gwaji a ɗaki. In kunna talabijin, in kashe murya, in yi ta faɗa wa bango abin da nake gani. Sai na gane Farfesa ba ƙaramin aiki yake yi ba. Kafin in ce wane ya ba wane, ƙwallo ta bi ta ƙafa huɗu. Harshena ya saba jira sai magana ta nuna, nan kuwa ɗanya ake so. Na rubuta sunayen 'yan wasanmu da lambobinsu a bayan wata ambulan, ina bita kamar lokacin ajin yamma.

Ranar Asabar muka tsaya a tasha ni da Lazar. Bas na ƙarfe uku ya zo.

"Mu tafi," in ji Lazar. "Mai taurin kan nan ba zai zo ba."

Na ce ƙafata tana ciwo, mu jira na gaba, wataƙila a samu wurin zama. Ya dubi bas ɗin, rabinsa ba kowa. Ya yi tsaki, amma bai hau ba.

Uku da kwata sai ga Stamen ya ɓullo ta kwanar gidan burodi, yana tafe a hankali ta gefen bango, da gyalen ƙungiya a wuya duk da zafin da ake yi.

"A'a! Ba kai ne ka yi murabus a rediyo ba?" in ji Lazar. "Gari duka ya ji. Har na yi wa kujerarka ciniki."

"Na biya kuɗin kaka guda. Ba zan bar musu ko leva ɗaya a banza ba." Ya bubbuga aljihun wandonsa, na ji semki suna ƙara. "Kuma in sun isa su lalubi tsoho."

Da muka zauna ya fito da rediyon. Ya ja eriya, ya kunna, ya rage shuuu ɗin har ya kusa ɓacewa, sannan ya kara ta a kunnensa na dama, ta gefen Lazar. Na hagun ya bar mini shi.

"Ba ta kamawa a nan, ka manta?" in ji Lazar.

"Shi ya sa. Ban taɓa jin Farfesa ya yi magana mai ma'ana kamar yau ba."

Aka busa. Na sunkuya kamar mai gyara igiyar takalmi, na fara. "Mu ne da ita. Baya. Ya ba shi. Ya mayar masa. Ya buga gaba, sun karɓe."

"Wane ne shi?" in ji Stamen ta gefen baki. "Mutum ashirin da biyu ne a fili, kowa shi ne. Suna, Petko!"

"Rusev. Rusev ya ba Minchev. Hagu, kusa da layi. Ya yanke ɗaya. Ya faɗi."

"An taɗe shi ko ya faɗi?"

"Ya faɗi."

"Ɗan banza. Haka ubansa yake."

A hankali na samu hanya. Na gane ba komai yake so ba: suna, gefe, nisa da raga. Sauran yana cikewa da kansa, don ya san yaran nan fiye da kocinsu. In na ce Minchev ya samu fili a hagu, kafin in ƙara sai ya ce, "Zai ɗaga ta sama, ba ya da wata dabara," kuma haka za a yi. Baƙin ranar ba su da yawa, amma sau ɗaya suka saka ta a raga, kusurwar hagu ta ɗauki ihu. Na ji jikinsa ya ɗaure. Na dafa gwiwarsa na ce, "Nasu ne. An ɗaga tuta, satar gida." Ya saki numfashi, ya tofar da ɓawo cikin tafin hannunsa ya zuba a aljihu.

Wani abu kuma da na lura da shi, ban san yadda zan fassara shi ba. Lazar, wanda tun da na san shi bai taɓa kiran ɗan wasa da wani suna ba sai jaki, ranar nan zaginsa ya canza. "Kai Rusev, kana tsakiyar fili kai kaɗai, mutum biyu na dama suna jira, me kake nema?" Haka ya yi ta yi, da suna da wuri, da ƙarfi, fuskarsa tana kallon fili. Ko ya sani ne, ko bakinsa ne ya sauya da sabuwar kujera, ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba.

Saura minti tara a tashi, ba ci. Muka samu kwana. "Minchev zai buga, daga dama," na ce. "Ta taso. Gola ya fito, ya..."

Gola ya taɓa ta, ta daki turken raga, ta dawo cikin ƙafafu, wani ya buga aka tare, ta sake tashi sama. Na manta da Stamen, na manta da aikina, na zama ɗan kallo kamar kowa, baki buɗe. Ina jin yatsunsa suna nutsewa a hannuna. "Me? Me ake ciki?" Rusev ya sa mata kai.

Filin ya tashi gaba ɗaya. Ni ma na tashi, Lazar yana dukan bayana. Sai da na juyo na gan shi. Yana zaune. Mutum dubu bakwai a tsaye suna ihu, shi kaɗai a zaune, rediyon a kunne, fuskarsa a karkace, yana jira a gaya masa ko ihun na waye.

Na kama shi da hannu biyu na ɗaga. Ban san ina da murya irin wannan ba. "Namu ne! Rusev, da kai! Namu ne, Stamen!"

Ya yi ihunsa a makare, lokacin da na wasu ya fara sauka, amma ya yi shi har ƙarshe. Semki suka zube daga aljihunsa suka watsu a sabon siminti. Da muka zauna yana haki, ya goge ido da gefen gyale, ya sunkuyo.

"Ka fi Farfesa muni," in ji shi. "Shi aƙalla in ya tafi Italiya yana dawowa. Kai a bakin raga ka mutu."

Na ce zan gyara.

A bas ɗin komawa Lazar ya samu wasu ya tsaya yana yi musu bayanin yadda tun farko shi ya ce a sa Rusev a gaba. Mu biyu muka samu kujera a baya. Stamen ya naɗe eriyar rediyonsa, ya gyara robar murfin, ya sa ta a aljihu. Mun kusa gidan burodi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wancan da ya shigo minti na saba'in, ka ce mini lamba sha tara. Lamba sha tara ba suna ba ne. Kafin wasa na gaba ka haddace 'yan benci."